Babi na Shida: Ƙirƙirarriyar Basira a Gaban Alƙali

Kusan kowace doka da 'yan Adam suka tsara ta ginu ne a kan zato guda: duk abin da ya auku, in ba irin su ambaliya da tsawa ba ne waɗanda babu hannun kowa a ciki, akwai mutumin da ya aikata shi, kuma ana iya kiransa a tambaye shi dalili. Dokar laifuka niyya take nema. Dokar kwangila tana neman yardar ɓangarori biyu, dokar diyya tana neman wanda ya yi sakaci, ta haƙƙin mallaka kuwa mawallafi take nema. A fiƙihu ma haka abin yake, hukunci yana hawa ne a kan mukallafi, wato baligi mai hankali.

Ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ta girgiza wannan zato. Manhajar da aka saba da ita a da, mutum ne yake zama ya rubuta mata umarni layi bayan layi, in ta yi kuskure a koma a gano layin da ya jawo. Ta yanzu horar da ita ake yi: a zuba mata miliyoyin misalai, ita ta tsinci ƙa'idar da kanta, ta adana ta a cikin biliyoyin lambobi waɗanda ko injiniyoyin da suka gina ta ba sa iya karantawa su ce ga dalilin da ya sa ta ba da wannan amsa ba waccan ba. Ga kuma yawan hannaye. Wani kamfani ne ya tara bayanan, wani ya yi horon, na uku ya sayo ya gyara ya sa wa abin sunansa, banki ko asibiti ya ɗauka ya yi aiki da shi, kuma sau da yawa kowannensu yana wata ƙasa daban. Duk matsalolin da masana shari'a suke nazari a wannan fanni daga waɗannan abubuwa biyu suka tsiro, wato ɓoyuwar dalili da rarrabuwar alhaki.

Ko na'ura za ta zama mutum a idon doka?

Hanya mafi sauƙi ta warware rikicin ita ce a mayar da na'urar kanta wadda za a kama. Wannan ba baƙon tunani ba ne. Tun shari'ar Salomon ta 1897 a Ingila doka ta amince cewa kamfani mutum ne mai zaman kansa, yana mallaka, yana cin bashi, yana kai ƙara ana kai shi, alhali ba shi da jini ba shi da tsoka. A watan Fabrairun 2017 Majalisar Tarayyar Turai ta ba da shawarar a duba yiwuwar ba wa mutum-mutumi masu cin gashin kansu wani matsayi irin wannan. Masana da dama suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a 2018 suna adawa, shawarar kuma ta mutu a nan. Hujjarsu mai ƙarfi ce: kamfani yana da jari da kadarori da daraktocin da za a iya ɗaurewa, manhaja ba ta da ko sisi kuma ba ta jin zafin kurkuku. Mayar da ita mutum ba zai amfani wanda aka cuta ba, sai dai ya ba masu ita wurin fakewa.

An gwada irin wannan fakewa a zahiri. A ƙarshen 2022 wani matafiyi a Kanada da kakarsa ta rasu ya tambayi manhajar hira ta kamfanin Air Canada game da rangwamen da ake yi wa masu tafiya jana'iza. Manhajar ta ce masa ya sayi tikiti a cikakken farashi, daga baya ya nemi ragin cikin kwana 90. Ƙa'idar kamfanin ba ta yarda da haka ba, aka hana shi kuɗin. A gaban kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia, kamfanin ya nemi ya nuna cewa manhajar ita ke da alhakin abin da ta faɗa. A Fabrairun 2024 kotun ta yi watsi da wannan, ta ce manhajar wani sashe ne na shafin kamfanin, duk abin da ke shafin kuwa maganar kamfanin ce. Kuɗin da aka biya bai kai dalar Kanada dubu ɗaya ba, amma ana kafa hujja da hukuncin a makarantun koyon aikin lauya na ƙasashe da yawa.

Wa zai biya ɓarna?

Idan na'ura ba ta ɗaukar alhaki, sai a koma kan mutane, kuma a nan ne aikin yake. A daren 18 ga Maris 2018 wata motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta buge wata mata da ke tsallaka titi tana tura keke a garin Tempe na jihar Arizona, ta rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa na'urar motar ta hango matar fiye da daƙiƙa biyar kafin karon, amma ta yi ta canza shawara kan ko mota ce ko keke ne ko wani abu daban, domin ba a tsara ta ta yi tsammanin mai tafiya a ƙasa a inda babu alamar tsallakawa ba. An kuma kashe birkin gaggawa na asali da motar ta zo da shi. A kujerar direba akwai ma'aikaciyar da aka ɗora wa sa ido, hukumar ta ce hankalinta yana kan waya. Masu gabatar da ƙara suka ce kamfanin ba shi da laifin da za a gurfanar da shi a kai, ya dai sasanta da iyalan mamaciyar a wajen kotu. Ma'aikaciyar ce aka tuhuma, a 2023 ta amsa wani laifi mai sauƙi aka yi mata ɗaurin talala na shekara uku. Wannan sakamako yana damun masu nazari, domin a jerin duk waɗanda suka sa hannu a haɗarin, wadda ta fi kowa ƙarancin iko da ƙarancin albashi ita hukunci ya hau.

Malaman fiƙihu sun daɗe da fuskantar tambaya mai kama da wannan a babin ɓarnar dabbobi, domin dabba ma tana da motsin kanta amma ba mukallafa ba ce. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta ko mai janta ko mai kora ta, ta kuma bambanta ɓarnar da dabbobi suka yi wa gona da dare, wadda masu su za su biya, da ta rana, lokacin da ake sa ran mai gona yana tsaron gonarsa. Ma'aunin shi ne wa ke da iko a kan abin a wannan lokaci, kuma a wuyan wa tsaro ya rataya. Haka nan rarrabewar da malamai suka yi tsakanin wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta tana da amfani a nan. Inda kwatancin ya tsaya shi ne, makiyayi ya san halin saniyarsa, kuma ba wani kamfani a hayin teku da ke canza mata hali cikin dare ta intanet. Likitan da ke aiki da manhajar duba hoton ƙirji bai san abin da aka horar da ita da shi ba, kuma wadda ya yi aiki da ita jiya ba lallai ita ce ta yau ba.

A dokar Turawan Ingila, wadda Najeriya da Ghana suka gada, ginshiƙin wannan babi shi ne shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, ta matar da ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemo. Daga nan aka kafa cewa mai ƙera kaya yana da nauyin kula da wanda kayan za su isa gare shi ko da babu ciniki a tsakaninsu. Sai dai mai ƙara ne zai tabbatar da sakacin, ya kuma nuna cewa shi ya jawo cutar. Dodon koɗi ana ganinsa da ido. Aibin da ke cikin lambobi biliyan ɗari ba a ganinsa, kuma takardun da za su nuna shi suna hannun wanda ake ƙara.

Tarayyar Turai ta taɓa wannan matsala a 2024 da ta sabunta dokarta ta alhakin kayan masarufi, wadda aka yi tun 1985. Sabuwar dokar ta lissafa manhaja a cikin kaya, ta ba alƙali ikon tilasta wa kamfani ya fito da bayanansa, kuma idan abin ya yi sarƙaƙiyar da ta fi ƙarfin mai ƙara, kotu na iya ɗauka cewa akwai aibi har sai kamfanin ya wanke kansa. Wata dokar ta daban da aka gabatar a 2022 musamman don diyyar ɓarnar AI ba ta kai labari ba, an janye ta a 2025. Birtaniya kuwa ta yi dokar motoci masu tuƙa kansu a 2024, wadda ta ɗauke laifin yanayin tuƙi daga wanda ke zaune a kujera ta ɗora wa kamfanin da aka ba izini, muddin motar ce ke tuƙa kanta a lokacin.

Hukuncin da ba a san dalilinsa ba

Ɓarnar da ta fi yawa ba ta jini ba ce. Ita ce ta mutumin da aka hana rance, ko aka tsallake sunansa a ɗaukar aiki, ko aka tsawaita masa zaman kurkuku saboda makin da wata manhaja ta ba shi. A jihar Wisconsin ta Amurka an yanke wa wani mutum mai suna Loomis ɗaurin shekara shida, alƙali kuma ya ambaci rahoton manhajar COMPAS, wadda ta kimanta shi a matsayin mai yiwuwar sake aikata laifi. Ya ɗaukaka ƙara yana cewa an tauye masa haƙƙin kare kai, tunda kamfanin da ya yi manhajar ya ƙi bayyana yadda take lissafi da sunan sirrin kasuwanci. A 2016 kotun ƙolin jihar ta ce ana iya amfani da makin in dai ba shi kaɗai aka dogara da shi ba, kuma a haɗa shi da rubutaccen gargaɗi ga alƙalai. Hukunci ne mai rauni. Alƙalin da ke da tarin fayiloli a gabansa, aka kuma miƙa masa lamba mai kamar ta kimiyya, da wuya gargaɗin da ke ƙasan takarda ya hana ta yin tasiri a zuciyarsa.

A wannan shekarar ce 'yan jaridar ProPublica suka bi sawun mutane sama da dubu bakwai a wata gunduma ta Florida, suka gano cewa a cikin waɗanda ba su sake yin laifi ba, manhajar ta yi wa kusan kashi 45 cikin ɗari na baƙaƙen fata tambarin haɗari, fararen fata kuwa kashi 23. Kamfanin ya mayar da martani cewa maki ɗaya yana nufin haɗari ɗaya ga kowane jinsi, kuma a bisa wannan ma'auni gaskiyarsa ne. Masana lissafi suka zo suka nuna cewa ma'aunan adalcin biyu ba sa haɗuwa a lokaci guda matuƙar yawan kamun da ake yi wa al'ummomin biyu ya bambanta. Ke nan zaɓen ma'auni ba aikin injiniya ba ne, aikin majalisa da kotu ne. Abin lura kuma, ba a tambayar launin fata a takardar COMPAS. Unguwa, aikin yi da tarihin dangi sun isa su tona shi. Don haka dokar da ta tsaya ga hana tambayar ƙabila ko addini ba ta hana wariya irin wannan, tunda suna da garin haihuwa da makarantar da mutum ya yi suna faɗin abin da ba a tambaya ba.

Gane fuska ma haka. Binciken da Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka wallafa a 2018 ya nuna cewa wasu manhajojin manyan kamfanoni suna kuskuren tantance jinsin mata masu duhun fata har kusan kashi 35 cikin ɗari, alhali ga maza farare kuskuren bai kai kashi ɗaya ba. A Janairun 2020 'yan sandan Detroit suka kama wani baƙar fata a ƙofar gidansa bisa zargin satar agoguna, saboda manhaja ta haɗa hotonsa da na kyamarar shago. Ba shi ba ne, birnin kuma ya biya shi diyya a 2024.

Mafi girman abin kunya a Holland ya faru. Hukumar haraji ta yi amfani da tsarin kimanta haɗari wajen farautar masu zamba a tallafin renon yara, kuma ƙasar asalin mutum tana cikin abubuwan da ke ɗaga masa maki. Aka zargi dubban iyalai bisa kuskure, aka tilasta musu mayar da kuɗaɗen da suka fi ƙarfinsu, gidaje suka watse. Gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021 saboda wannan.

Maganin da doka ta samar zuwa yanzu shi ne haƙƙin neman mutum ya duba. Sashe na 22 na dokar kare bayanai ta Turai, wadda ta fara aiki a 2018, ya hana a yanke wa mutum muhimmin hukunci da na'ura zalla sai a wasu yanayi. A Disambar 2023 kotun Tarayyar Turai ta faɗaɗa shi a shari'ar kamfanin SCHUFA na Jamus, ta ce makin cancantar rance shi kansa hukunci ne idan banki ya dogara da shi sosai, don haka kamfanin da ya fitar da makin ba zai ce shi shawara kawai ya bayar ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗauki irin wannan tanadi a sashe na 37: wanda na'ura ta yanke wa hukunci yana da damar neman mutum ya sa baki, ya faɗi nasa, ya kuma ƙalubalanci sakamakon. Wannan ya shafi manhajojin ba da rance ta waya kai tsaye, ko da yake kaɗan ne daga masu cin bashin suka san da shi. Raunin tanadin yana cikin kalmar zalla, domin ma'aikacin da aikinsa danna amincewa ne sau ɗari a awa ya ishi kamfani ya ce akwai mutum a ciki.

Haƙƙin mallaka ta fuska biyu

Fuska ta farko ita ce abin da na'ura ta fitar: na wane ne? Wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Stephen Thaler, ya zagaya duniya yana neman a rubuta manhajarsa DABUS a matsayin wadda ta ƙirƙiro wani mazubin abinci da wata fitilar gaggawa. Afirka ta Kudu ta ba shi takardar a 2021, amma ofishinta ba ya zurfafa bincike kafin rajista. Wata kotun Ostireliya ta yarda a shekarar, ta sama ta soke a 2022. Amurka da ofishin Turai suka ƙi, kotun ƙolin Birtaniya ta rufe ƙofa a Disambar 2023. Da ya koma neman haƙƙin wani zane da manhajarsa ta yi, kotunan Amurka suka ce a 2023 da 2025 mawallafi sai mutum. Dama wata kotun ɗaukaka ƙara a can ta taɓa yanke cewa birin Indonesiya da ya ɗauki kansa hoto ba shi da hurumin kai ƙara a kan hoton.

Amma galibi ba na'ura kaɗai ke aikin ba, mutum ne ke ba ta umarni yana gyarawa. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ce a 2023, game da wani littafin zane da aka yi da manhajar Midjourney, rubutun da jeranta hotunan na marubuciyar ne, hotunan kansu ba na kowa ba ne. Kotun intanet ta Beijing ta bi wata hanya a Nuwambar 2023, ta ba wani mutum haƙƙin hoton da ya samar da manhajar Stable Diffusion saboda wahalar da ya sha wajen zaɓen kalmomi da daidaitawa. Birtaniya tun 1988 take da sashen da ya ba wanda ya shirya aikin kwamfuta haƙƙi na shekara 50. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 tana neman a ga ƙoƙarin da ya ba aiki asalinsa, amma ba ta ambaci aikin na'ura ba.

Fuska ta biyu ta fi zafi, domin a nan kuɗin suke. Manyan manhajojin harshe da na zane an horar da su da littattafai, jaridu da hotunan da ba a nemi izinin masu su ba. Jaridar New York Times ta kai OpenAI da Microsoft ƙara a Disambar 2023. Kamfanonin suna kare kansu da ƙa'idar Amurka ta halastaccen amfani, wadda ke duba ko an sauya wa aikin manufa da kuma ko an kashe wa mai shi kasuwa. Hukunce-hukuncen 2025 sun rabu. A Fabrairu wani alƙali ya ce kamfanin Ross ya keta haƙƙin Thomson Reuters, tunda ya kwashi taƙaitattun bayanan shari'unsa ne don ya gina abokin gogayya. A Yuni, a ƙarar da aka kai kamfanin Anthropic, alƙali William Alsup ya ce horar da manhaja da littafin da aka saya halas ne, amma tara miliyoyin littattafai daga shafukan satar fasaha ba halas ba ne, kamfanin kuma ya amince ya biya dala biliyan ɗaya da rabi, kimanin dala dubu uku a kan kowane littafi. Japan ta halasta irin wannan horo a dokarta tun 2019 da wasu sharuɗɗa, Turai kuma ta halasta sai in mai aikin ya sa alamar ƙi wadda na'ura za ta iya karantawa.

Sulhun na Anthropic ya shafi littattafan da ke da rajista a ofishin haƙƙin mallaka na Amurka da lambar shaida ta kasuwar littattafai. Marubuciyar Kano da ke sakin labarinta shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad ba ta da ko ɗaya, kuma ko ta tabbata an kwashi aikinta, kotun da za ta je tana Kalifoniya. Tatsuniyoyi, kirari da karin magana kuwa dokar Najeriya ta ba su kariya a matsayin al'adun gargajiya a ƙarƙashin Hukumar Haƙƙin Mallaka, amma wannan kariya ba ta tsallaka iyaka. Murya ma ba ta shiga haƙƙin mallaka na asali ba, shi ya sa jihar Tennessee ta yi doka ta musamman a 2024 don hana kwaikwayon muryar mawaƙa da na'ura.

Hujja a kotu

Kotu ita kanta ba ta tsira ba. A 2023, a shari'ar wani mutum mai suna Mata da kamfanin jiragen Avianca a New York, lauyoyi suka gabatar da hukunce-hukunce shida da manhajar ChatGPT ta ƙago, da sunayen alƙalai da lambobin shafi, babu ko ɗaya da ya taɓa wanzuwa. Alƙali Kevin Castel ya ci su tarar dala dubu biyar. An sake ganin irin haka a babbar kotun Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu da ta Landan a 2025. Wannan ɓangare bai buƙaci sabuwar doka ba, domin lauyan da ya sa hannu a takarda shi ke da alhakin abin da ke cikinta, ko magatakarda ne ya rubuta ko manhaja.

Jabun murya da bidiyo sun fi wuyar sha'ani. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga shugabanninsa a ciki, ashe duk na bogi ne. Damfara dai tsohon laifi ne, dokokin da ake da su sun isa. Inda gizo ke saƙar shi ne babin shaida. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya gindaya cewa kafin a karɓi abin da ya fito daga kwamfuta sai an nuna cewa na'urar tana aiki daidai, kotun ƙoli kuma ta jaddada haka a shari'ar zaɓen Bayelsa ta Kubor da Dickson. Sharaɗin yana tabbatar da lafiyar wayar da ta naɗi murya ko ta adana ta, amma ba ya tabbatar da cewa mai muryar ya taɓa furta maganar. Waya lafiyayya tana adana jabu kamar yadda take adana gaskiya. Masanan shari'a Bobby Chesney da Danielle Citron sun nuna ɗaya gefen cutar: da zarar jama'a sun san ana iya ƙirƙirar murya, duk wanda aka kama da tasa ta gaskiya zai ce ta bogi ce. A shari'un ɓatanci, saki da zaɓe, inda saƙon murya ke iya zama babbar hujja, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Yarda da kwamfuta ido rufe ta riga ta yi ɓarna tun kafin zuwan AI. Dokar Ingila tana ɗaukar kwamfuta a matsayin mai aiki daidai har sai an nuna akasin haka. Tsakanin 1999 da 2015 aka hukunta masu kula da ƙananan gidajen waya sama da 900 bisa giɓin kuɗin da manhajar Horizon ta nuna, wasu suka yi zaman kurkuku. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakurai, a 2024 majalisa ta soke hukunce-hukuncen da doka.

Yadda ƙasashe suka tunkari abin

Tarayyar Turai ce ta fara yin cikakkiyar doka, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2024. Ba fasahar take aunawa ba, amfanin da ake yi da ita take aunawa. Wasu ayyuka ta haramta su ɗungurungum tun Fabrairun 2025, kamar ba 'yan ƙasa makin ɗabi'a, kwasar fuskokin mutane daga intanet don gina rumbu, da karanta yanayin zuciyar ma'aikata ko ɗalibai. Ɗaukar aiki, rance, jarrabawa, shige da fice da shari'a suna rukunin babban haɗari, mai buƙatar gwaji, ajiye tarihi da sa idon mutum. Tara na iya kaiwa yuro miliyan 35 ko kashi bakwai cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya. Tarihin dokar ya nuna yadda fasaha ke tsere wa majalisa: an gabatar da daftarin a Afrilun 2021, ChatGPT ta fito a Nuwambar 2022 ana tsakiyar muhawara, dole aka ƙara sabon babi kan manhajoji masu aiki iri-iri.

Sin ta bi hanyar ƙananan ƙa'idoji masu fitowa da sauri: ta tsarin da ke zaɓar wa mutane abin kallo a 2022, ta jabun hoto da murya a farkon 2023, ta manhajoji masu ƙirƙira a Agustan 2023, tare da sharaɗin rajista da bin manufofin gwamnati. Amurka ba ta da dokar tarayya ta bai ɗaya. Umarnin da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Oktoban 2023, Shugaba Trump ya soke shi a ranarsa ta farko a Janairun 2025, aka bar fagen ga jihohi da kotuna.

A matakin duniya akwai shawarwarin UNESCO na 2021 da yarjejeniyar Majalisar Turai da aka buɗe don sa hannu a Vilnius a Satumban 2024. Tarayyar Afirka ta amince da dabarunta na nahiya a Accra a Yulin 2024, amma jagora ne, ba doka mai hukunci ba. Najeriya ta fitar da daftarin dabarunta a Agustan 2024. Abin da ke hannun alƙalan yankin a aikace shi ne dokokin kare bayanai, irin ta Ghana ta 2012, ta Nijar ta 2022 da ta Najeriya ta 2023, sai dokokin kare masu saye da na laifukan intanet. Kamfanonin da za a yi wa hukunci da su galibi ba su da hedikwata a ƙasashen, wasu ko ofis ba su da shi. Duk da haka an ga alamar cewa tsofaffin dokokin suna iya cizo: a Yulin 2024 hukumar kare masu saye ta Najeriya ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasar, kotun sauraron ƙorafin gasa da kare masu saye kuma ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025.